Tsifar Iya Bolanle

"Baban Umaima, tuƙa a hankali. Inda za ni ba a rufe ƙofa."

Iya Bolanle ce ta faɗi haka daga bayan keke-napep ɗina, muna wucewa ta Gangaren Tudu. Daga asibiti na ɗauko ta, ita da 'yarta Feyisara. Likita ya ce a mayar da ita gida a riƙa ba ta abin da ranta yake so, mu kuwa duk mun gane. Shekara arba'in tana kitso a ƙofar gidanta a Angwan Iya, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

"Tun safe fuskarka kamar wanda aka ƙwace wa keke," ta ce. "Ni ce zan mutu, kai ne kake ramewa."

Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma sai maganar ta fito. Umaima 'yata ce ta fari, shekararta goma sha tara, tana jami'a. Baƙa ce sosai, ni ta ɗauko. Wata uku ke nan fuskarta tana haske, na zaci wahalar karatu ce, har ranar da na ga robar man bilicin a bayan tukunyar ruwa. Uwarta ta yi faɗa ta gaji. Ni kuwa ko sunanta ba na iya kira, balle in zaunar da ita in yi mata maganar fatar jikinta. Na taɓa ɗauko wata mata daga Garaku wadda man nan ya ƙone mata kumatu, shi ya sa tun da na ga robar nan abinci ba ya yi min daɗi.

"Kunyarku ta 'yar fari," in ji Iya. "Turo min ita gobe da hantsi. Ka ce tsifa za ta yi min."

"Mama, ni zan tsefe miki," Feyisara ta ce.

"Hannunki kamar na makaniki. Ba na so."

Washegari na raka yarinyar har bakin ɗaki. Zan juya Iya ta ce in zauna a benci, wai ko za a buƙaci keke. Labule ne kawai tsakaninmu, ina jin komai.

"Ki tsefe duka," ta ce. "Ba na so masu yi min wanka su sha wahalar kaina. Ai kin san sai sun warware shi su yi min kalba uku."

"Iya, ki daina faɗar haka."

"To me zan faɗa, farashin tumatir? Ja a hankali, ja'ira."

Can sai ta fara labarin Legas. A shekarar saba'in da bakwai, tana budurwa, an yi babban bikin baƙar fata na duniya, aka ɗauke ta cikin masu yi wa 'yan rawa kitso. Duk unguwa mun sha jin labarin nan, yara har kwaikwayon ta suke yi. Amma ranar ta faɗi abin da ban taɓa ji ba.

"Wata mata ta zo daga Amurka, baƙa wuluk, ta fi ki. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, na fara yi mata kitson shuku. Ban kai rabi ba sai na ji kafaɗarta tana rawa. Na ce ko na ja da ƙarfi ne. Mai fassara ya ce a'a, wai haka kakarta take riƙe mata kai, da babban yatsa a bayan kunne. An kwashe kakanninsu bayi a jirgin ruwa, an raba su da suna, an raba su da yare, amma hannun nan ya ƙetare ruwa bai ɓata ba. Har na gama tana kuka, ni ma ban san lokacin da na fara ba."

Mataji ya ci gaba da ƙara.

"Zagayo nan," in ji Iya. "Ba ni ƙeyarki."

Na ji motsin tabarma.

"Ni ban cika sanin mutane da fuska ba, aikina a baya yake. Ƙeyar nan na san ta tun kina shekara uku, kina cizona a gwiwa. Ta kakarki ce sak, Hamsatu, Allah ya jiƙanta, wadda take ɗauko nono daga ruga rana na sheƙi a wuyanta. Yau na duba na ga dabbare-dabbare kamar akuya. Wa ya taɓa min kaya?"

"Iya, a makaranta ne. Tukunya suke ce min."

"Su kuma me suke ci in babu tukunya? To shafa. In kin zo inda nake ban gane ki ba, kada ki ce na yi miki wulaƙanci."

Yarinyar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na tashi na je na tsaya wajen keke ina goge gilashin da ba shi da datti.

Kwana biyu bayan nan, ranar Alhamis bayan la'asar, Iya ta cika. Feyisara ta ce masu wanka ba su daɗe a kanta ba, gashin a warware yake, fari tas, an shafe shi da man kaɗanya.

Ban tambayi 'yata komai ba. Na hana kaina leƙa bayan tukunyar ruwan, don ban san abin da zan yi ba in na tarar da abin a wurin.

Ranar sadakar uku na dawo da buhun ruwa wajen azahar. Mata sun cika rumfa da inuwar katanga. A ƙofar gidan, kan turmin da Iya take zama, na ga Umaima. Rabonta da yarda rana ta taɓa ta tun farkon shekara, ko shago za ta sai da lema. Ga ta a tsakiyar rana, gumi yana bin wuyanta, 'yar Feyisara ƙarama tana tsakanin ƙafafunta, tana tsaga mata kai da tsinke. Tsagar ta karkace. Ta goge ta da tafin hannu ta sake ja.