Jirgin da Ya Tashi a Karkace

Da magariba mutanen unguwar Hausawa ta Anacha suka ji wani irin tari daga sama, kamar na tsohon raƙumi mai mura. Ashe wani ɗan mitsitsin jirgi ne, mai fukafukan zane, ya sauka a filin da Bubayero dillali yake kwantar da shanu. Nan take shanun suka tsinke, suka faɗa daji.

Hankalin Bubayero ya tashi. Sarkin Hausawa ya riga ya ja kunne: duk wanda shanunsa suka shiga gonar doyar mutanen gari, ya bar filin ke nan.

Da gari ya waye, matuƙin, wani Bature mai awon ƙasa, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Hau, baba. Mu duba shanu daga sama."

Aka zaunar da shi a gaba, Baturen a baya. Iska kuwa daga kogin Kwara take tasowa, tana bugun jirgin ta haƙarƙarin dama. Suka zabura a guje. Baturen ya kwantar da fiffiken dama da gangan, don kada iskar ta shiga ƙarƙashinsa ta wuntsila su. Ƙafar jirgin ta hagu ta ɗaga.

To, Bubayero ya tsufa yana tsallaka Kwara a kwalekwale, kuma jikinsa abu ɗaya ya sani: in jirgi ya karkata, a danne gefen da ya tashi. Ya ko kwanta hagu da dukan ƙibarsa, yana salati. Jirgin ya yi tangaɗi ya nufi wata bishiyar kwakwa.

"Sidon! Zauna!" Baturen ya daka masa tsawa, ya finciko wuyan rigarsa.

Bubayero ya runtse ido, ya bar jirgin ya karkata yadda ya ga dama. Sai ya ji gurnanin ƙasa ya ɗauke. Ya buɗe ido, ga kogi kwance kamar rawanin da aka shanya.

"Allahu akbar! Bature, mun tashi! Ga su can! Ga farin bijimina!"

Da suka sauka, 'yan unguwa suka yanyame shi.

"Na gan su da idona, ko ɗaya bai ɓata ba!"

"A ina, Bappa?"

Murnar ta ɗan rage. "A tsakiyar kunyoyin doya."

Maƙwabciyarsa Tabawa mai tuwo ta gyara ɗaurin zane.

"To, yanzu wa zai je ya gaya wa mai gonar?"