Dankalin Bokkos Daga Thamesmead

Dakta Maje masanin tattalin arziki ne. Shekara da shekaru yana London, kullum bincikensa ɗaya: me ya sa dankalin Bokkos ke ruɓewa a gona alhali ana nemansa a Legas. Ya san hanyar da za a gyara, ya san inda ya kamata a gina rumbun sanyi. Duk a kan allon kwamfuta ya san su, a flat ɗinsu na Thamesmead, inda taga ba ta nuna masa komai sai siminti.

Ranar Laraba Bot ya kira, abokinsa tun jami'a a Jos.

"Mutumina, an ba ni wuƙa da nama a harkar noma. Ka zo mu yi abin nan da ka ishe mu da shi. Ko sai ka tsufa kana koya wa Turawa talaucinmu?"

"Kai dai bakinka bai canja ba."

"Kai kuma tumbi ka ƙara, na gani a hoto. Juma'a nake son amsa."

Ramatu, matarsa, tana kwance a kujera, ta ji komai. Ƙodarta ta daina aiki tun bara, inji ke wanke mata jini a asibiti.

"Baban Nusrat, ka tafi mana. Nusrat za ta riƙa kai ni."

"Nusrat da ke Manchester? Bar wannan zance."

"To mu tafi tare."

Shi da ya yi nazarin asibitocin yankin Jos ya san yadda wutar lantarki take ɗaukewa a can. Ita ma ta san ya sani.

Juma'a daga masallacin Regent's Park ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka ya hau bas, ya isa asibiti ya tarar an riga an ɗora Ramatu a inji. A baranda ya kira Bot.

"Ba zan iya ba."

Bot ya ce, "To turo takardun bincikenka, mu nemi wani."

Maje ya san yadda takarda ke ƙarewa idan mai ita ba ya kusa. Ya tura duk da haka.

Da ya koma ciki Ramatu ta dube shi, ba ta tambaya ba.

"Dankali nake marmari," in ji ta.

"Likita ya hana."

"Na sani."

Ya ja kujera ya zauna. Injin ya ci gaba da juyawa.