Duwatsun Jabez Funnell

Ni magini ne. Dutsen ƙyastu nake fasawa in jera shi da kwaɓin farar ƙasa, kuma duk katangar da ka gani a tsaye daga ƙauyenmu zuwa bakin teku, in ba ni na ɗora ta ba to ubana ne. Saboda haka in na ce na san dutse ba cika baki nake ba. Aikin dutse biyu ne, ko ya riƙe rufi ko ya karya bakin garma. Wanda ya samo masa aiki na uku, shi ne ba shi da aikin yi.

Mijin ƙanwata Dorcas, Jabez Funnell, ya samo masa na ukun.

A tuddan allin nan namu, in garma ta wuce takan tono wasu duwatsu masu kama da ƙaramin curin burodi, ba su fi ƙwan agwagwa ba, da zanen tauraro mai hannu biyar a bayansu kamar an tsattsaga da allura. Hular makiyayi muke ce musu. Tsofaffi kan ajiye ɗaya a bakin taga, wai aradu ba ta faɗa wa gidan, madara kuma ba ta tsami. Ɗaya fa, ba kwando ba. Jabez ma da ɗayan ya fara kamar kowa, har ranar da limamin coci ya tsayar da shi a hanya ya gaya masa cewa bushiyar teku ce, wata halittar ruwa mai ƙayoyi, tun zamanin da ruwa ya rufe tuddan, ta mutu, ƙyastu ya cika ƙoƙonta. Wato mushe ne da ya daɗe. Ni da na ji haka ko da sanda ba zan ƙara taɓawa ba. Shi kuwa daga ranar ya lalace.

Tagogi suka cika, matakalar bene ta cika, ƙarƙashin gado ya cika. Na taɓa buɗe tukunyar man shanu a gidan na tarar da su a ciki. Ranar Lahadi mutane na coci, shi yana tsakar gida da bokiti yana wanke su da burushin Dorcas, yana gaya maka gonar da kowanne ya fito, kamar wani ya tambaye shi.

Da a nan abin ya tsaya da ban damu ba, kowa da haukansa. Amma Jabez mai huɗa ne a babbar gona, dawaki biyu a hannunsa, gidan da suke ciki kuma na gonar ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar mabuɗi ke komawa. Tsohon mai gonar ya san halinsa, yana kau da kai. Da ya rasu, magada suka kawo manaja daga arewa, wani Mista Ormerod, dogo mai ƙwallon wuya, wanda bai san kowa ba kuma ba ya son ya sani. Cikin 'yan kwanaki ya lura da cewa kunyoyin Jabez suna tafiya kamar mashayi, dawakin kuma rabin yini a tsaye suke suna kaɗa jela, mai su na tsugune yana goge dutse da hannun riga. Ya gaya masa a gaban kowa, in ya sake ganin dawakin nan a tsaye a tsakiyar gona, su kwashe kayansu kafin ƙarshen kaka.

Dorcas ta same ni ina cin burodi da cuku a gindin wata katanga.

"Yaya, ka yi masa magana."

"Na yi magana tun kafin ki aure shi. Wa ya ji?"

"Ba tsohon zance na zo tonowa ba. Gidan nan a ciki na binne yara biyu, itacen tuffa na ƙofar ni na dasa. In aka kore mu ina zan sa kaina?"

"Ki sa shi a kan duwatsun. An ce aradu ba ta taɓa su."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana murɗa bakin zanin aikinta har na ajiye cukun na ce zan je.

Na tarar da shi a bargar dawaki yana juya wani a tafin hannu.

"Amos, dubi wannan. Ka ga ƙofar bakinta? Ta nan take cin abinci."

"Kai ta ina za ka ci naka in an kore ka?"

"Ai ba daɗewa nake ba. In tsaya, in ɗauka, in duba."

"Dubawar ce ke cin yini, sakarai. Ina ce kakanka ma mai huɗa ne? Shi me yake yi in ya ga irin wannan?"

Ya sosa ƙeya. Ya sani sarai, duk ɗan tuddan nan ya sani. Mai huɗa in ya ga hular makiyayi ba ya wuce ta, rashin sa'a ne. Yakan sunkuya ya wafce ta yana tafe, ya tofa mata miyau, ya cilla ta baya ta kan kafaɗar hagu ba tare da ya waiwaya ba. Sa'a ta tabbata, dawaki ba su tsaya ba.

"To ka yi yadda kakanka ya yi," na ce. "Tofa, cilla, wuce."

"In yar da su ke nan?"

"Ko ka yar da su ko a yar da matarka a titi. Zaɓi."

Ya dube ni kamar an ce ya yanka ɗansa. Can ya ce to.

Kuma ya yi, ban hana shi wannan ba. Mako guda ina gyaran katangar da ke gefen gonar sha'ir, ina ganinsa. Ya sunkuya, ya tofa, ya cilla, fuska kamar mai zawo, amma garma na tafiya. Har na fara tunanin ko Dorcas ba asara ta yi gaba ɗaya ba.

Ran nan da hantsi sai ga Mista Ormerod ya ɗaure dokinsa a bakin shinge, ya shigo gonar a ƙafa, yana bin bayan garma a hankali a kan ƙasa mai laushi don ya kama Jabez a tsugune. Mutumin kirki zai yi gyaran murya. Shi bai yi ba. Na gan shi, amma tazarar da ke tsakaninmu ko ihu na yi iska za ta kwashe. Yana gab da cim masa ta ɓangaren hagu, Jabez ya sunkuya ya wafto wani babba. Na ga ya ɗaga shi daidai ido, ya ɗan yi jim, dawaki na tafiya. Ya tara miyau ya tofa, ya cilla shi baya da duk haushin da ke cikinsa.

Ƙarar sai da ta iso inda nake. Mista Ormerod ya zauna daɓas a cikin huɗa, hannu biyu a baki.

Na ajiye cokalin gini na nufe su. Har a nan abin yana da gyara. Mutumin baƙo ne, bai san al'adar ba, abin da idonsa ya gani shi ne ma'aikacinsa ya tofa wa dutse miyau ya jefe shi da shi. Da an ɗaga shi, an ba shi ƙyalle, an yi masa bayani da ladabi, an kira tsofaffi biyu su shaida cewa haka ake yi tun kaka da kakanni, da wataƙila ya haƙura. Ina tafe ina shirya maganar a raina.

Jabez ya riga ni isa. Ya saki garma ya dawo da gudu, ya durƙusa a gaban mutumin da jini ke bin haɓarsa, na ce to, yau dai ya yi hankali. Sai na ga hannayensa suna laluben ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ina ya faɗi? Ba ka ga inda ya gangara ba? Ɗan ɗaga ƙafarka."

Mista Ormerod ya tofar da rabin haƙori. Ya dubi Jabez, ya dubi dawakin da ke tsaye a tsakiyar gona suna kaɗa jela, ya tashi ya tafi.

"Na same shi," in ji Jabez. "Amos, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ko ɓarewa bai yi ba."

Ranar Asabar aka karɓi mabuɗi.

Gidana ɗaki ɗaya ne da madafa, matata ta rasu, ba ni da wurin mutum biyu. Amma ƙanwata ce, ba zan bar ta a rumbun wani ba. Na ba ta gadona, ni da Jabez muka shimfiɗa buhuna a madafa. Kayansu gaba ɗaya amalanke guda ya ɗauke. Duwatsun kuwa sai da aka yi ta sawu, aka zube su a bayan gidana tari guda har ƙuguna. Dorcas ta wuni tana kallon tudun da gidan nata yake, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wa mijin magana ba.

Sanyi na tafe, dole in ƙara ɗaki. Na aiki Jabez can garin kasuwa neman aiki, na ce kada ya dawo sai ya zaga duk gonakin hanya. Yana ɓacewa na ja igiya a jikin bangon gabas, na kwaɓa farar ƙasa. Ƙasan ginin da kusurwoyi na yi su da dutsen kirki. Abin da ya rage, daga gwiwa zuwa rufi, da tarin nan na cika shi. Ba su da daɗin aiki, sun cika santsi, suna shan kwaɓi, amma dutse dutse ne. Dorcas ce ke miƙo mini su a kwando.

"Ba za ki ce komai ba?" na tambaye ta.

"Ka bar mini taga ta wajen rana," ta ce.

Ya dawo ba aiki, kamar yadda na zata, aljihunsa biyu sun yi nauyi. Ya tsaya a gaban ginin. Na riƙe cokalina ina jira, ko zagi ko kuka, na shirya wa kowanne. Ya bi bangon da yatsa, sahu sahu, leɓensa na motsi.

"Ka haɗa na gonar sha'ir da na bakin ramin haƙar alli," ya ce. "Wannan kuma ka kifa shi."

Na ce, "Rufin matarka ne ya ɗoru a kansa. In ka zare ko ɗaya zan karya maka hannu."

Bai zare ba. Ya samo kututture ya ajiye a gaban bangon, yanzu a nan yake wuni in ba na jan shi ɗaukar kwaɓi, ya ba duniya baya yana kallon mushensa. Yara na wucewa suna yi masa dariya, bai ma san suna yi ba.

Dorcas da Jabez suka tare a ɗakin kafin ruwan hunturu na farko. Ɗakin bai ɗiga ba, ba zai ɗiga ba kuwa, ni na gina shi.

Wata safiya ina zaga ginin kamar yadda na saba, sai na ga rami a ƙarƙashin tagar, daidai shigar ƙwan agwagwa, an ƙwaƙule kwaɓin da wuƙa. Na san dutsen da ke wurin, don da gangan na sa shi inda zan riƙa gani, mai karya haƙorin ne. Na ɗauki sanda na nufi kututturen.

"Ba shi ba ne, Yaya."

Dorcas ce ta leƙo ta taga, wuƙar yankan burodi a hannunta. Ga dutsen nan a bakin tagar, an wanke shi tas, kusa da tulun madara.

"Ke ma?"

"Ɗaki sabo ne. Ba na kwana a ɗakin da ba ko ɗaya a taga."

"Bango guda ne da su, Dorcas. Daga gwiwa har rufi."

"Na bango na bango ne," ta ce, ta ja labule.

Na koma na kwaɓa farar ƙasa cikin cokali, na nemi ɓarin dutse marar zane, na toshe ramin.