Shirun Sola

Da annoba ta lafa aka sake buɗe masana'antar robobi, gardama ce ta fara shigowa kafin ma'aikata. Manaja ya kafe kan a gyara tsohon injin gas mai ba da wuta, tunda abin da aka sani ke nan. Ɗan mai masana'anta, wanda ya gaji wurin bayan cutar ta ɗauke mahaifinsa, ya ce gas ya yi tsada, rana kuwa ba a sayenta. Mai abu da abinsa, sola ta ci.

Ba wanda ya tambayi Baba Mai Inji. Da ma wa zai tambaye shi? Shekara da shekaru yana ɗakin injin nan, ƙara ta cinye masa kunne tun tuni, amma ba wanda ya lura, don a cikin wannan ruri kowa kurma ne. Da hannu ake magana: a buga ƙirji, a nuna agogo, a murza yatsu. Shi da abokin aikinsa Dogo har tsegumin manaja suke yi da hannu, suna shan dariya. Tun rasuwar matarsa a lokacin kulle, wannan hirar ce kaɗai ta rage masa.

Ba a kore shi ba, a faɗi gaskiya. An ba shi bokiti da tsumma, ya riƙa wanke farantan sola a kan rufi. Aka rufe injin da tamfol, wurin ya yi tsit.

Nan fa asirinsa ya so tonuwa. Mutane suka ajiye hannuwansu suka koma magana da baki, ƙasa-ƙasa. Baba sai kallon leɓɓa. Kunya ta hana shi cewa ba ya ji, tsoro kuma ya hana shi, kada a ce ya tsufa a sallame shi. Sai ya samo dabara: duk wanda ya yi masa magana, ya gyaɗa kai ya yi dariya. Wallahi kaɗaici ya ishe shi, yana tsakiyar mutane kamar baƙo.

Wata rana da azahar Dogo ya hau rufin, ya tsuguna kusa da shi, ya daɗe yana magana yana kallon ƙasa. Baba ya gyaɗa kai, ya ƙyalƙyale da dariya, har da dafa masa kafaɗa. Dogo ya dube shi, ya tashi ya sauka.

Washegari ƙusar da Dogo ke rataye rigar aiki ba komai a kanta. Mai gadi, wanda Allah ya hore wa murya, ya ce wa Baba Dogo ya samu aiki a tashar gas ta wani gari mai nisa, ya tafi da iyalinsa.

"Haba Baba, mutum ya hau har rufi ya yi maka sallama, ya nemi gafara, kai kuwa sai dariya kake masa?"

Baba ya ɗauki bokitinsa ya hau tsani. Wannan maganar dai ya ji ta sarai.