Takardar da ke Aljihun Hedimasta

Hedimasta na tsaye a kan kujera yana kwance ƙwan fitilar falo sa'ad da matarsa ta shigo da tiren shayi.

"Na uku ke nan a watan nan," in ji ta. "Wannan kuma me ya yi maka?"

"Ba ya haske. Kayan yanzu duk jabu ne."

"To, sauko dai kafin ka karye mana. Ni ba zan iya ɗaga ka ba."

Ya sauko a hankali, yana laluben ƙasa da yatsun ƙafa. Shekara goma sha ɗaya da yin ritayarsa, amma har yau Hedimasta ake ce masa, a unguwa da majami'a, har matar tasa. Ya cancanci sunan kuwa, don ko gaisuwarsa sai ka ji kamar yanzu zai tambaye ka ina aikin gida. Shekara talatin da huɗu shi ke karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a kowace Lahadi, da murya mai cika ɗaki ba tare da lasifika ba. In wani ya yi tuntuɓe a kalma lokacin nazarin Laraba, daga bencin baya Hedimasta zai gyara masa, ko da Fasto ne.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, shekara biyu ke nan idanunsa na dusashewa. Ƙananan rubutu suka fara gudu, manya suka bi su, yanzu shafi a wurinsa farin abu ne mai layukan toka. Amma Allah ya ba shi kai, ya haddace fiye da rabin Littafin. Sai ya samo dabara. Kowace Asabar yakan leƙa ofishin majami'a kamar mai wucewa, ya ce wa Sakatariya, "Me za mu ji gobe?" Ita kuma ta faɗa masa wurin. Ran Lahadi ya hau mumbari, ya sunkuya kan Littafi, ya zubo daga ka, har da juya shafi don a gani.

Lahadin da ta wuce dabarar ta ci shi. Wani direba ɗan ikilisiya ya yanke jiki ya faɗi ran Juma'a, aka binne shi Asabar. Lahadi da safe Fasto ya ga matar mamacin a bencin gaba, sai ya sauya karatu zuwa wurin ta'aziyya. Hedimasta ya hau, ya sunkuya, ya zubo karatun da aka faɗa masa tun jiya: labarin mutumin nan da ya yi wa ikilisiya ƙarya ya faɗi matacce, da matarsa da aka ce mata ga waɗanda suka binne mijinki a bakin ƙofa, ke ma za su fita da ke. Baiwar Allah ta fashe da kuka, mata suka riƙe ta suka fitar. Da aka tashi, dattawa suka kewaye shi. Kalma ɗaya ce ta gaskiya, amma ya kauce mata. Ya ɗaga haɓa ya ce, "Ba wanda ya sanar da ni. Ku tambayi Sakatariya."

Sakatariya ta ce ta buɗe Littafin a sabon wurin, ta ɗora takarda a kai. Maganarta da ta dattijon da ya haura shekara talatin yana hawa mumbari, wa za a ɗauka? Aka ce ta zauna a gida tukuna. Yau Asabar, ƙarfe huɗu, dattawa za su zauna su yanke ko za ta ci gaba da aiki.

Matarsa ta zuba masa shayi, ta tura kofin har ya taɓa yatsunsa.

"Yarinyar nan 'ya'ya uku gare ta," ta ce. "Miji kuma ƙafa ta hana shi aiki."

"Ba ni na ce a kore ta ba."

"Ban ce kai ka ce ba."

"To, me kike cewa?"

"Cewa nake shayinka zai huce."

Ya kurɓa yana huci. Wannan mata, shekara arba'in da ɗaya tana iya soka masa magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Ya shafa aljihun rigarsa. Takardar na nan. Ran Laraba Fasto ya miƙa masa ita a bakin ƙofa, ya ce, "Baba, ga karatun Lahadi, tunda ba Sakatariya." Kwana uku yana yawo da ita. Ya kai ta jikin taga, ya kai ta tsakar rana, ya nesanta ta, ya kawo ta har kan hanci. Banza. Gobe kuma Lahadi.

Da ya ga dama ai miƙa hannu kawai zai yi, ga ta nan zaune tana tsinke zare a bakin labule. Ina! Mutumin da ya koya wa rabin unguwa baƙaƙe? Ya ɗauki hularsa.

"Tun yanzu? Ƙarfe biyu bai yi ba."

"Ina da abin yi a hanya."

Ba shi da abin yi. A tasha ya tsaya nesa da mutane, ya kasa kunne ga kiran kwandastoci, don allon gaban mota ya daɗe da daina masa magana. A cikin bas wata mata ta zauna kusa da shi da jakar kayan miya a cinya. Ya ciro takardar, ya buɗe, ya ɗan karkata ta wajenta. Ai baƙuwa ce, ba ta san shi ba, ba za ta sake ganinsa ba. Ya gyara murya.

"Lah, Hedimasta!" ta ce. "Ba ka gane ni ba? Aji shida, ni ce wadda ka tsayar a rana saboda rubutuna kamar tafiyar kaza."

Ya ninke takardar ya mayar aljihu. "Ina fata ya gyaru," ya ce.

Majami'ar shiru, sai ƙanshin man goge benci. Ya bi ta gefe zuwa ofis da niyyar ya zauna shi kaɗai kafin dattawa su iso, sai ya ji motsi a ciki. Sakatariya ce, tana jera 'yan kayanta a kwali: kofi, hoton yara, takalmin da take sauyawa in an yi ruwa.

Ta rusuna. "Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni? Ya jikin Mama?"

"Lafiya lau. Ke kuma me kike yi? Ai ba a yanke komai ba."

"Gara in haɗa, Baba, kada in tsaya haɗawa a gaban mutane."

Ta jawo masa kujera, ta ajiye ta daidai bayan gwiwoyinsa. Ya zauna. Ya so ta yi fushi, ta ɗaure fuska, ta faɗi magana marar daɗi, da ya sami abin kamawa. Ba ta yi ba. Hannunsa ya kai aljihu ba da saninsa ba, ya ciro takardar yana jujjuyawa.

Ta ɗan leƙo. Sai ta faɗi littafi da sura da ayoyi, a hankali, sau biyu, kamar yadda take yi kowace Asabar. "Wurin da Ubangiji ya wanke ƙafafun almajiransa ne," ta ƙara.

Hedimasta ya ɗago kai. Sau biyu. Yanzu ya tuna, kullum sau biyu take faɗa, tana rarraba lambobin, kuma tuni ta daina miƙa masa jadawalin da take bugawa.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun ranar da ka sa hannu a bayan takardar taro, Baba, maimakon gaba. Shekara biyu ke nan."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Ran Lahadin fa? Me ya hana ki faɗa mini da baki?"

"Na zo, Baba. Na same ka a bakin ƙofa kana yi wa masu karɓar baƙi faɗa. Na ce maka ina da magana, ka ce ba a tsayar da kai da surutu kafin sujada."

Haka aka yi. Ya tuna har yadda ya kaɗa mata hannu. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, kunyar da bai taɓa ji ba tun yana ɗan makaranta.

"Kuma da suka tambaye ki, ba ki gaya musu ba."

"Na faɗi abin da na yi. Sauran ba nawa ba ne, Baba. Idonka ne."

Ta koma kan kwalinta. Shi kuwa ayoyin da ta ambata suka fara zuwa masa da kansu, yadda suka saba. Tawul, da kwano, da ruwa. Sau nawa ya karanta wurin nan? Sau nawa ya koya wa ajin manya cewa babba shi ne mai durƙusawa ya yi wa wasu hidima? Shi ma ya yi, ba ƙarya: ya kai marasa lafiya asibiti, ya share majami'a da hannunsa. Amma a tsakiyar labarin akwai almajirin da ya janye ƙafarsa ya ce shi kam ba za a wanke masa ba, har abada. Kullum in Hedimasta ya zo nan yakan sa wa muryarsa ɗan wasa, jama'a su yi dariya. Yau abin bai ba shi dariya ba.

Ƙarfe huɗu dattawa shida suka zauna a ɗakin taro, Sakatariya a kujerar bakin ƙofa da kwalinta a ƙasa. Fasto ya yi addu'a. Ma'aji, mutum mai son a gama abu da wuri, ya ce magana a fili take: an ɓata wa mai makoki rai a gaban ikilisiya, dole wani ya ɗauki nauyi, ya ma rubuto takardar sallama don kada a ɓata lokaci.

"Sai a karanta kowa ya ji," in ji Fasto, ba da son ransa ba. Kuma da yake shekara talatin duk abin da za a karanta a ɗakin nan hannu ɗaya yake zuwa, takardar ta bi tebur ta tsaya a gaban Hedimasta.

Ya ɗauka. Ya miƙe tsaye, don bai taɓa karatu a zaune ba. Yana iya cewa maƙogwaronsa na ciwo. Yana iya cewa tunda maganar ta shafe shi, wani ya karanta, a ce kai, dattijo ya yi adalci. Har ya buɗe baki da wannan.

"Ba na gani," ya ce.

"A kunna fitila," in ji Ma'aji.

"Ba fitila ba ce. Idona ne. Shekara biyu ban karanta muku ko layi ɗaya ba, daga ka nake yi. Ran Lahadi ta buɗe Littafin, ta sa takarda, ta kuma zo ta faɗa mini na kore ta. Ƙarya na yi muku." Muryar nan mai cika majami'a ta yi ƙasa har sai da suka miƙa wuya. Ya juya wajen ƙofa, inda yake ganin inuwarta. "'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Haba, Baba, Allah ya yafe mana duka," ta ce, tana goge ido da bakin ɗankwali.

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Ma'aji ya jawo takardarsa a hankali ya ninke ta huɗu. Fasto ya ce Sakatariya ta mayar da kayanta, sannan ya ce, "Karatun gobe fa, Baba? In daga ka ne ma, ba laifi, tunda yanzu mun sani."

"A ba wani. Ni gobe gidan matar mamacin zan fara zuwa, in ta yarda ta saurare ni."

A bakin ƙofa Sakatariya ta ce, "Matakala uku ne, Baba." Ya sani sarai, ya daɗe yana ƙirga su. Ya miƙa mata hannu duk da haka.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Matarsa na nan inda ya bar ta. Ya cire hula, ya zauna.

"Ƙwayayen fitilar nan da na cire," ya ce, "lafiyarsu ƙalau."

"Na sani. Suna cikin durowa, ko ɗaya ban zubar ba. Katin asibitin ido ma yana nan tare da su, tun bara."

"Ke ma?"

"Wa kake tsammani ke tura maka kofi har hannu?"

Ya ciro takardar, duk ta yamutse, ya miƙa mata. "Ɗauko Littafin ki karanta mini wannan."

"Kai da ka haddace?"

"Na haddace shi. Ban taɓa jin sa ba."

Ta sa tabaronta, ta nemo wurin, ta fara a hankali da yatsa kan layi. A aya ta huɗu ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta dakata, ta ɗago kai tana jira.

Hedimasta ya rufe ido. "Ci gaba," ya ce. "Ina ji."