Ranar da Aka Saki Aladu

Baba Nkuwe ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin kududdufai a kan marmarar duwatsun Atakora saboda wata 'yar tsiro da ko akuya ba ta ɗaga kai ta kalla. Mu a ɗakin adana tsirrai Isowetis muke ce mata. Ka gan ta cikin ruwa sai ka rantse ciyawa ce, ka tono ta kuwa sai ga ɗan kai kamar na albasa. Abin haushin, dukkansu kama ɗaya suke. Ba a rarrabe su sai da ƙwayoyin irin da ke ɓoye a gindin ganye, su ma sai sun nuna, lokacin da ruwa ya soma janyewa.

Tun yana saurayi ya taɓa ganin wata a kududdufin bayan ƙauyensu, ƙwayoyinta da zane kamar raga, alhali na sauran ƙuraje ne. Samfurin ya ruɓe a hanya, ba wanda ya yarda da shi. Bara mun je da wuri, ƙwayoyin ɗanyu. Bana kuma idonsa na dama ya mutu, na hagun yana bin sahu. Ni, Tena, da ya koya wa aikin, na san ba shi da wata daminar.

Kududdufin yana cikin ƙasar tsafi. Tsohon da ke kula da ita ya ce ba mai cire ko tsinke sai an sha burkutun sabuwar acca.

"Kawu, kafin nan ruwa ya ƙafe," in ji Baba.

"To ya ƙafe. Boko ya cinye maka ido, yanzu kunnen ma zai ci?"

Muka jira, raina yana tafasa. Kullum sai mu tsaya a bakin ruwa muna kallon abinmu kamar mayunwata a ƙofar gidan biki.

Abin da muka manta, mu da aka haifa a nan, shi ne ranar da aka ɗage hani ita ce ranar da ake kwance aladun da aka ɗaure tun shuka. Ranar muna zaune wurin shan burkutun ana ta zagayawa da ƙwarya, don tashi kafin tsofaffi rashin kunya ne. Kafin mu isa, aladu sun yi wa kududdufin huɗa. Na zauna cikin taɓo na yi kuka, ban ɓoye ba.

Baba kuwa ya shiga taɓon. Ya durƙusa yana lalube da yatsu har rana ta karkata, ya fito da kan tsiron guda ɗaya, rabi a tattaune.

A ɗakin aiki na fasa gindin ganyen da allura, ƙwayoyi suka zubo farare, sun nuna sarai. Na ɗora su ƙarƙashin madubin ƙara girma, na matsa masa. Ya daɗe da ido a kai, yana murɗa nan yana murɗa can. Sannan ya ja baya a hankali.

"'Yata, hazo kawai nake gani. Duba mini. Raga ce ko ƙuraje?"

Na duba. Ƙuraje ne, irin wadda ta cika mana akwatuna. Ko tasa tana cikin waɗanda aladu suka cinye, ko bai taɓa ganinta ba, ba mai sani kuma.

"Tena, kin yi shiru."

"Baba, bari in gyara hasken."

Hasken kuwa lafiyarsa lau.