Wardin da Ya Haura Katanga

Maman 'yan biyu tela ce, kuma tagar ɗakin ɗinkinta bayan gida take kallo, inda ta ware ɗan fili tsakanin famfo da katanga ta yi lambu. Ba wani lambun a zo a gani ba ne. Tukwanen ƙasa ne a jere, da tsohon bahon wanki da ya huje ta cika shi da taki, sai wardi mai yaɗo guda ɗaya a jikin katanga. Wardin nan shi ne ɗan lelenta. Tun da 'yan biyun suka tafi jami'a gidan ya yi tsit, shi take wa hidima. Da ragowar ƙyallayen ɗinki take ɗaure rassansa, har maigidanta yakan ce itacen ya fi shi sutura.

Shekarun baya ganye kawai yake yi, tana ba shi uzuri da ƙuruciya. Bana da sanyi ya kwashe kayansa, rana ta fara ɗumi, lambun ya farka gaba ɗaya. Tukwane suka fito da furanni rawaya, baho ya cika da wasu ƙanana masu ruwan bula, har ciyawar da ba wanda ya gayyace ta sai da ta yi nata adon. Wardi kuwa ko ƙyas. Abin da ya fi ɗaure mata kai, in iska ta kaɗa da safe takan ji ƙamshi mai sanyi, ta tsayar da keken ɗinki ta fito ta dudduba, ba ta ga komai ba.

Maigidan ne ya gano zancen. Shi mai gyaran wuta ne, ya sa tsani zai ɗaure wata waya da ta saki a saman katanga, sai ta ji shi yana dariya shi kaɗai a can sama. Da ya sauko ya share hawayen dariya, ya ce mata ai wardinta ya yi fure, ya yi har ba a ganin ganye, sai dai duk a gidan maƙwabta. Rassan sun bi rana sun haura, don ta ɓangaren lambunta inuwar gini ta rufe shi.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji shi. "Ke da ɗibar taki, Inna da kallo."

Ita dai ba ta yi dariya ba. Ban da haushi, akwai kunya. Innar da yake nufi tsohuwar ungozoma ce da ta bar aikin asibiti, ta dawo gidan ɗanta bara. Ba ta cika fita ba, tsakaninsu sai gaisuwar bakin ƙofa. Maman 'yan biyu ta riƙa hango ƙayoyi a kan hanyar tsohuwa da busassun ganye a tsakar gidan mutane, duk ana haƙuri da ita ba ta sani ba. Washegari da hantsi ta ɗauki babban almakashinta, ta yafa mayafi, ta zagaya ta yi sallama.

Surukar Inna ce ta buɗe, tana saurin fita aiki, ta nuna mata hanyar baya. Maman 'yan biyu tana shan kwana ta tsaya cak. Katangar ta ɓace. Daga sama har kusan ƙasa furanni ne suka zubo, manya kamar dunƙulen hannu, wasu sun buɗe sarai, wasu na nan a tsuke. Mai sayar da dashe ya rantse mata fari ne, ashe ruwan hoda ne mai haske, tsakiyarsa ta ɗan fi duhu. Ƙudan zuma na ta kai da kawo. A saman katanga ta hango ƙyallen atamfarta kore da ta ɗaure da hannunta.

Inna na zaune a kujerar roba a ƙarƙashinsu, ƙafafunta a kan ƙaramin benci, kofin shayi a gefe. Bayan sun gaisa, Maman 'yan biyu ta fara ba da haƙuri, ta ce yanzu za ta rage rassan ta share wurin. Tsohuwar ta karkato kai, ta tambaya ko ƙarar almakashi ta ji.

"Ajiye shi, 'yata. Ni da nake ta fargabar ranar da za ki gane ki zo ki janye kayanki."

Inna ta sa ta jawo kujera. Ta gaya mata idanunta sun yi rauni, karatu ya gagara, talabijin kuma sai hayaniya. Da fari ƙamshi ta fara ji, ta bi shi da sanda har ƙaya ta soke ta a yatsa, ta ce to, sannu da zuwa. Yanzu nan take wuni. Ba ta ganin fure ɗaya ɗaya, sai dai wani haske mai laushi a inda da siminti ne. Ta roƙe ta ta faɗa mata yadda suke.

Maman 'yan biyu ta rasa ta inda za ta fara, sai ta koma ga abin da ta sani. Ta ce gefen kowane fure kamar an yi masa tattara ne, cikinsa kuma ninki a kan ninki, irin yadin da in ka yanka shi ba daidai ba ka yi asara. Ta lanƙwaso reshe ɗaya a hankali ta ɗora furen a tafin tsohuwar. Inna ta shafa shi da babban yatsa, ta ce laushin kunnen jariri ke nan, ta karɓi haihuwa dubu ta sani. Daga nan hira ta ɓalle. Da ta ji tagwaye ne gare ta, sai ta tambayi wanda ya riga fitowa, da ko na biyun da ƙafa ya zo. Rabon da a yi wa Maman 'yan biyu wannan tambayar har ta manta, ta kuwa zauna ta ba da labarin tiryan-tiryan.

Ba ta yanke ko reshe ɗaya ba. Tun daga ranar, in ta ba lambunta ruwa, sai ta kwashi aikin hannu, sa maɓalli ko kalmasa, ta zagaya. Masu kawo ɗinki suka koyi buga ƙofar maƙwabta in sun ji shiru a tata. Wata safiya suna zaune hadari ya taso, yayyafi ya fara sauka a kan furannin. Maman 'yan biyu ta miƙe tana tattara zare, ta ce su shiga ciki.

"Bari ya ɗan jiƙa su tukuna," in ji Inna, tana gyara zama. "Sun fi ƙamshi in ruwa ya taɓa su."